Idan kasuwa ta faɗi, wa ke biya?

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, sai a yi haƙuri a bi ni a hankali.

A 'yan shekarun nan da wuya wata ya wuce ba mu ji labarin da ke nuna kasuwannin kuɗi na duniya ba su da lafiya ba. A watan Maris na 2023, cikin yini ɗaya masu ajiya suka nemi kwashe dala biliyan 42 daga bankin Silicon Valley na Amurka, washegari hukuma ta garƙame shi. A watan Afrilun 2025 shugaba Donald Trump ya sanar da sabon haraji kan kayan da ake shiga da su Amurka, cikin kwana biyu kasuwar hannun jarin ƙasar ta zubar da kimanin kashi goma cikin ɗari na darajarta. Zinare, wanda shi ne mafakar masu kuɗi in sun tsorata, ya haye dala 4,000 kowace oza a watan Oktoban 2025. Nan gida kuwa ba sai an ba kowa labari ba. Dalar da ake canzawa kusan naira 460 a hukumance a tsakiyar 2023, ba a rufa shekara ba ta haye 1,500.

Duk lokacin da aka ce kasuwa ta yi asarar biliyoyi, tambayar da nake so mu riƙa yi ita ce, aljihun wa asarar ta faɗa? Abin da na fahimta daga ɗan karatun tarihin da na yi shi ne, kuɗi alkawari ne da jama'a suka yarda da shi. Rikici yakan zo ne idan alkawuran da aka rubuta a takarda suka fi dukiyar da ke ƙasa yawa. Kuma ranar da asiri ya tonu ba a raba asarar daidai. Na kusa da ƙofa su suke fara fita, sai a bar mai albashi da talaka da biyan bashin da ba su ci ba. Masana falsafa sun faɗi haka, masu zane sun zana shi, mu ma a ƙasar Hausa an taɓa yi mana.

Bari mu fara da masu tunani. Aristotil, masanin falsafar nan na Girka da ya rayu fiye da shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya raba neman dukiya gida biyu. Akwai neman abin da zai riƙe gida, kamar noma da kiwo da musayar kaya, kuma wannan yana da iyaka, tunda ciki yana ƙoshi, rumbu yana cika. Akwai kuma neman kuɗi don kuɗi, shi kuwa ba shi da gejin da za a ce an isa. Abin da ya fi ƙyama shi ne bashi da ruwa, don a ganinsa an ƙirƙiro kuɗi ne saboda musaya, sai aka mayar da su dabba mai haihuwa. Kalmar da Girkawa ke kiran kuɗin ruwa da ita ma'anarta abin da aka haifa. Ku duba ikon Allah, mu ma a Hausa jarin da aka zuba uwar kuɗi muke ce masa.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi bayanin da ya fi wannan shiga rai a cikin Ihya'u Ulumiddin. Ya kawo misalin mai za'afaran da ke buƙatar raƙumi, shi kuma mai raƙumin ba ruwansa da za'afaran. To yaya za a yi ciniki? Dole a samu alƙali a tsakani da zai auna darajar kowanne, alƙalin nan kuwa shi ne dinari da dirhami. Ya kamanta kuɗi da madubi, wanda ba shi da launin kansa amma yana nuna kowane launi. Wanda ya binne kuɗi, a wajensa, tamkar ya kulle alƙali ne a kurkuku. Game da jabun kuɗi kuwa, ya nuna cewa sakin dirhami ɗaya na jabu a kasuwa ya fi satar masu yawa muni, domin sata laifi ne da ya faru ya wuce, jabu kuwa yawo zai yi ta yi daga hannu zuwa hannu yana cutar mutanen da mai shi bai taɓa gani ba. Ku riƙe wannan, don abin da za mu gani a gaba duk labarin yadda ake lalata alƙalin ne.

Mutumin da ya fara bin diddigin wannan ɓarna da idon ma'aikaci, a iya karatuna, shi ne Al-Maƙrizi na Masar, almajirin Ibn Khaldun. An haife shi a Alƙahira a 1364, ya kuma riƙe muƙamin muhtasibi, wato mai sa ido kan mudu da sikeli da farashi a kasuwa. A wajen 1403 zuwa 1404 kogin Nilu ya ƙi cika yadda ya saba, yunwa da tsada suka afka wa Masar, mutane suka yi ta mutuwa. Jama'a suna ta cewa wannan musiba ce da ba a taɓa ganin irinta ba, kuma babu mai hannu a ciki. A 1405 sai ya rubuta ɗan littafinsa Igasatul Umma. Ya jero yunwar da aka sha yi a Masar tun zamanin Annabi Yusuf (AS) don ya nuna an ga waɗanda suka fi wannan tsanani, sannan ya ce abin da ya hana ta bana wucewa aikin mutane ne. Ya kawo dalili uku. Na farko, ana sayen muƙamai da cin hanci, har alƙalanci da hisba, wanda ya saya kuwa sai ya fanshe a jikin talakawa. Na biyu, masu riƙe da filaye sun tsawwala kuɗin hayar gona har manoma suka gudu suka bar ƙauyuka. Na uku, fadar sarki ta cika gari da fulus, wato ƙananan kuɗin jan ƙarfe, saboda ribar da ake samu wajen buga su, har azurfa ta ɓace daga kasuwa, fulus ɗin ma aka koma auna su a sikeli maimakon ƙirgawa.

Inda ya burge ni shi ne, bai tsaya a kan dalilai ba, sai da ya raba mutanen Masar kashi bakwai ya duba yadda abin ya taɓa kowa. Masu mulki da manyan attajirai kuɗin da ke shigo musu ya ƙaru a ƙirga, ko da yake abin da suke saya da shi ya ragu. 'Yan kasuwa sun ɗora tsadar a kan mai saye. Leburori da masu sana'ar hannu ladansu ya tashi, amma saboda yawancinsu sun mutu ne, waɗanda suka rage suka yi ƙaranci. Kashi na biyar su ne masu karɓar tsayayyen albashi, irin malamai da ɗalibai da ƙananan sojoji, su ne ya ce sun shiga halin da mutuwa ta fi musu sauƙi. Albashinsu yana nan yadda yake a rubuce, abin da yake saya ne ya tsere. Duk ma'aikacin gwamnatin da ke karanta wannan ya san layin da yake.

Daga Masar mu tsallaka Turai, inda bayan shekara ɗari kasuwancin kuɗi ya fara bunƙasa a garuruwan bakin teku. A 1514 wani mai zane a birnin Antwerp, Quentin Matsys, ya yi wani zane da yanzu yake gidan tarihi na Louvre a Paris. Ɗan canji ne zaune yana auna tsabar zinare a ɗan ƙaramin sikeli, matarsa a gefe da littafin addu'a a buɗe. Yatsunta suna kan shafin, amma idonta ya bar littafin ya koma kan kuɗin. Babu wanda ya yi sata a zanen, babu wanda ya yi ƙarya. Abin da mai zanen ya kama shi ne daidai lokacin da hankali ke juyawa. Bayan shekara 200, ƙasa guda ce sukutum idonta ya juya haka.

Ƙasar ita ce Faransa. Sarki Louis na 14 ya mutu a 1715 ya bar baitulmali wayam da tulin bashin yaƙe-yaƙe. Magajinsa yaro ne ɗan shekara biyar, sai Philippe na Orleans ya riƙe sarautar. A nan ne wani mutumin Sikotland mai suna John Law ya samu shiga. Ɗan maƙerin zinare ne, gwanin lissafi, gwanin caca, ya taɓa kashe mutum a fito-na-fito a Landan a 1694 ya tsere daga kurkuku. Amma fa ba shashasha ba ne. Tunaninsa shi ne, ƙarancin tsabar zinare da azurfa ne ke shaƙe kasuwanci, in aka buga takardar kuɗi da jama'a suka yarda da ita, ciniki zai motsa. A 1716 aka ba shi izinin buɗe banki, kuma da farko abin ya yi kyau. Kuɗin ruwa ya sauka, ciniki ya farfaɗo, wanda ya kawo takarda kuwa ana ba shi tsabarsa ba gardama.

Matsalar ta fara ne da aka haɗa bankin da kamfani. A 1717 Law ya kafa kamfanin da aka ba wa ikon kasuwancin yankin Louisiana na kogin Mississippi a Amurka, daga baya ya haɗiye sauran kamfanonin cinikin ƙetare, ya karɓi aikin buga kuɗi da tara haraji. Bankin ma ya zama na sarki a ƙarshen 1718. Dabarar ita ce, masu bin gwamnati bashi su karɓi hannun jarin kamfani a madadin kuɗinsu. Don hannun jarin ya yi farin jini, sai banki ya riƙa buga takardun kuɗi yana ba mutane rance su saya. Farashi ya tashi, tashin ya jawo sababbin masu saye, aka ƙara buga takardu. Hannun jarin da aka fara sayarwa livre 500, kuɗin Faransa na wancan lokaci, ya kai wajen 10,000 a ƙarshen 1719. Wani ɗan lungu a Paris, titin Quincampoix, ya cika maƙil da sarakai da barori da limaman coci suna ciniki kafaɗa da kafaɗa. Ita kuwa Louisiana da ake ta kururutawa, garin New Orleans da aka kafa a 1718 bai wuce 'yan bukkoki a cikin fadama ba.

Masu wayo da na kusa da fada su suka fara gane inda aka dosa. Suka riƙa kai takardunsu banki suna karɓar zinare, wasu suna fitar da shi ƙasar waje, wasu suna sayen filaye da gidaje. Da Law, wanda a Janairun 1720 ya zama ministan kuɗi, ya ga zinare na ƙarewa, sai aka kafa dokar hana kowa ajiye tsabar da ta wuce livre 500, ana shiga gidaje ana bincike. A watan Mayu aka fito da dokar rage darajar takardun kuɗi da hannun jarin zuwa kusan rabi. Ba a yi mako guda ba aka janye ta, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, don duk wanda ya ji an taɓa cewa takardarsa rabi ce ba zai ƙara yarda da ita ba. A watan Yuli mutane suka mutu a turmutsutsu a ƙofar banki garin neman canjin ƙananan takardu don sayen abinci. Law ya gudu a watan Disamba, ya mutu a Venice a 1729 ba shi da abin kirki. Faransawa kuwa suka yi shekara da shekaru ko sunan banki ba sa son ji.

A wannan shekarar ta 1720 Ingila ma ta yi nata. Kamfanin South Sea ya karɓi bashin gwamnati da irin wannan dabara, bayan ya toshe bakin ministoci da 'yan majalisa da kyautar hannun jari. Farashi ya tashi daga kusan fam 128 a Janairu zuwa wajen fam 1,000 a tsakiyar shekara, kafin ƙarshenta ya faɗo ƙasa da 200. Isaac Newton, duk da lissafinsa, kuma shi ke shugabantar gidan buga kuɗin ƙasar, ya tafka asara mai yawa. Wani matashin mai zane, William Hogarth, ya zana abin a 1721. A tsakiyar zanen akwai lilo mai juyawa irin na wasan yara, manya da ƙanana suna rububin hawa. A gefe Shaiɗan yana yankar naman wata mata da ke wakiltar sa'a yana jefa wa taro. An ɗaure wani mutum da ke wakiltar gaskiya ana karairaya masa gaɓoɓi, ana zane mutunci da bulala, malaman addinai suna tsugune suna caca, ita kuwa sana'a ta halal tana yashe a lungu ba mai kallonta. Akwai abin da zanen bai nuna ba, wanda ya shafe mu. Kamfanin South Sea shi ke riƙe da kwangilar kai bayi 4,800 duk shekara daga Afirka zuwa yankunan Sifaniya a nahiyar Amurka, kamfanin Law ma ya fara sauke bayi a Louisiana a 1719. Ashe wani ɓangare na ribar da ake yi wa rawa a Paris da Landan jikin 'yan Afirka ne.

Wani zai ce ai laifin takarda ne, da an tsaya a kan abin da ba a iya bugawa da ba a shiga uku ba. Maganin da Al-Maƙrizi ya bayar ke nan, a koma zinare da azurfa. A nan ne nake ganin tarihinmu yana da abin cewa. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Kakanninmu da wuri suka yi ciniki, da shi aka biya haraji a Daular Sakkwato, da shi aka yi sadaki. Daga tsibiran Maldives na tekun Indiya ake kawo shi, kuma nisan tafiya da wahalar dako su suka tsare masa daraja. Babu sarkin da zai iya buga wuri, babu maƙerin da zai yi jabunsa. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500.

To amma daga wajen 1845 'yan kasuwar Hamburg ta Jamus suka gano wani nau'in wuri mai araha a gaɓar Zanzibar, suka fara jibge shi a Legas da sauran tashoshin gaɓa suna sayen manja. Faransawa suka bi sahu. Cikin shekara ashirin dubban tan suka shigo Afirka ta Yamma, a hankali ambaliyar ta gangaro har kasuwanninmu. Darajar wuri ta yi ta zubewa. Charles Robinson, Baturen da ya zo Kano a tsakiyar shekarun 1890, ya ba da labarin yadda sayar da doki ya zame masa matsala, don wurin da za a biya shi sai an ɗauki 'yan dako da yawa, ladan dakonsu kuma zai cinye kuɗin dokin har ya nemi ƙari. Da Turawan mulki suka zo suka ce da sulallansu za a biya haraji, wanda ya tara buhunan wuri shekara da shekaru ya wayi gari da tarin ƙwanso. Bajamushen da ya kawo wurin ya riga ya karɓi manjansa ya yi gaba. Ka ga ke nan ko kuɗin da ba a iya bugawa yana lalacewa, muddin bakin famfon yana hannun wanda asararka ba ta dame shi ba. Duk mai tunani a kan yadda shawarar Babban Bankin Amurka ke girgiza naira da sidi da fam ɗin Masar a yau, ya tuna da wuri.

Me ya sa ake ta maimaita abu ɗaya, alhali an san ƙarshensa? John Maynard Keynes ya ba da misali a littafinsa na 1936. Ya kamanta kasuwar hannun jari da wata gasar jarida, inda ake buga hotunan fuskoki a ce ka zaɓi waɗanda suka fi kyau, amma wanda zai ci shi ne wanda zaɓinsa ya dace da na yawancin mutane. Saboda haka ba ka duba wadda ta yi maka, sai wadda kake zaton za ta yi wa wasu. Mai sayen hannun jari a lokacin zazzaɓin kasuwa ya san farashin ya wuce hankali, lissafinsa dai shi ne gobe zai samu wanda zai saya a sama da haka. Hyman Minsky, wani masanin Amurka da ya rasu a 1996, ya ƙara da cewa zaman lafiyar kasuwa shi ke haifar da rikicinta. In aka daɗe ba a yi asara ba, mai ba da bashi da mai karɓa duk sai su saki jiki, daga bashin da riba ke iya biya a koma bashin da sai an ci wani bashin ake biyansa.

Abin da ya faru a 2008 ke nan. Bankunan Amurka sun ba mutanen da ba su da ƙarfi bashin sayen gida, suka dunƙule basussukan suka sayar wa duniya a matsayin takardu masu aminci. Ranar 15 ga Satumba bankin Lehman Brothers ya durƙushe. Majalisar Amurka ta ware dala biliyan 700 don ceto harkar, miliyoyin iyalai kuma suka rasa gidajensu. Mu ma muna da namu lilon a lokacin. Bayan an tilasta wa bankuna tara jarin naira biliyan 25 a 2005, suka ragu daga 89 zuwa 25, sai aka shiga tallar hannun jari ba ƙaƙƙautawa. Waɗanda suke aiki a lokacin za su tuna yadda fom ke yawo ofis-ofis, mutane na cin bashin ƙungiyar adashen ma'aikata, 'yan fansho na zuba giratuti. Wasu bankunan har rance suke bayarwa a sayi hannun jarinsu, sak dabarar John Law. Ma'aunin kasuwar Legas ya haye maki 66,000 a Maris na 2008, bayan shekara guda ya dawo wajen 20,000. Gangar mai ta faɗo daga dala 147 a watan Yuli zuwa ƙasa da 40 a Disamba. A Agustan 2009 Babban Banki ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar ya zuba naira biliyan 420, daga baya jimillar ta kai biliyan 620, a 2010 kuma aka kafa AMCON ta saye ruɓaɓɓun basussuka. An tsare kuɗin masu ajiya, kuma hakan daidai ne. Amma ƙaramin mai hannun jari ba wanda ya share masa hawaye. Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, a harkar kuɗi kuwa sau da yawa kafin ruwan ya sauko ya riga ya shige rumfa.

Ga kashi na biyar ɗin Al-Maƙrizi a zamaninmu. A 2019 mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, a canjin kusan 360 na lokacin ya haura dala 80. A 2024 aka mayar da shi 70,000, a canjin sama da 1,500 bai kai dala 50 ba. Lamba ta ninka fiye da sau biyu, mudun da take aunowa ya ragu. Wannan matsin ne ke tura mutane hannun 'yan damfara. MMM ta daskarar da kuɗin jama'a a Disamban 2016, CBEX ta ɓace da na wasu a Afrilun 2025. Ana yawan cewa kwaɗayi ne mabuɗin wahala, kuma gaskiya ne, amma a cikin waɗanda abin ya ci akwai da yawa da tsoro ne ya kai su, suna kallon ajiyarsu na narkewa a banki suka nemi mafita.

Ba ina cewa takardar kuɗi ko kasuwar hannun jari sharri ba ne. Tunanin John Law shi duniya ke kai a yau, tun da Amurka ta raba dala da zinare a 1971 babu wani babban kuɗi da ke jingine da ƙarfe. Kamfanoni na gaskiya suna tara jari a kasuwa su gina masana'antu su ɗauki ma'aikata. Abin da ya kayar da Law shi ne mai buga kuɗi, da mai cin bashi, da mai sayar da hannun jari, da mai sa ido, duk sun zama mutum ɗaya. Shi ya sa maganar 'yancin Babban Banki, da iyakar bashin da gwamnati za ta iya karɓa daga gare shi, da binciken majalisa, ba surutun masu kwat da taye ba ne. Maganar farashin mudun masara ce, kuma haƙƙinmu ne mu tambayi masu neman ƙuri'armu matsayinsu a kai.

A matakin mutum ɗaya kuwa, tambaya uku nake ba da shawarar a yi kafin a zuba ko sisi a wata harka. Daga ina ribar take fitowa, wace gona, wace masana'anta, wane ciniki? In amsar ita ce daga sababbin masu shigowa, to lilon Hogarth ne. Wa ya fi ni kusa da ƙofa ranar da za a yi gudu? Sannan kuɗin da zan zuba nawa ne ko na bashi, kuma in suka tafi gidana zai ci abinci? Wanda ya yi asarar rarar kuɗinsa zai farfaɗo, wanda ya yi asarar bashi shekaru zai yi yana biyan abin da babu shi.

Mu kuma da muke zaune a ofisoshin gwamnati, kada mu manta dalilin farko da Al-Maƙrizi ya kawo, tun kafin ya zo kan fulus, shi ne sayar da muƙami da lalacewar mai sa ido. Muhtasibin zamaninmu shi ne mai binciken kuɗi da ke sa hannu a rahoto, da jami'in da ke ba da lasisi, da akawun da fayil ke bi ta teburinsa. In ya kau da kai, wata bazawara ce a wani gari da bai taɓa zuwa ba za ta biya.

Allah Ya ba mu shugabanni masu amana, Ya sa mu ma mu riƙe tamu, Ya yi wa ɗan abin da muke samu albarka. Amin.